Tabarau Zai Iya Jira, Muryar Dattijo Ba Ta Jira

Ina gaida mutanen cikin garin Daura. Ina gaida na Zango da Baure, da na Sandamu da Mai'adua. Ina gaida 'yan'uwanmu na ƙetaren Kongolam, waɗanda iyaka ta raba mu da su a takarda, harshe da zumunci kuma suka haɗa mu.

Sharhinmu na yau a kan na'urori biyu ne. Ɗaya babba ce, mai tsada, mai ɗaukar ido. Ɗaya kuma 'yar ƙarama ce, mai araha, ba kowa ke kula ta ba. Babbar ita ce tabarau ɗin nan da ake ɗaurawa a fuska, wanda samari ke ce wa VR. Ƙaramar kuwa ita ce makirfon da ake maƙalawa a jikin hedifon, ko a wuyan riga.

Bari in faɗi inda na dosa tun yanzu, don wanda aiki zai tayar kafin mu gama. Duka biyun suna da amfani. Amma ɗaya ta fi gaggawa. Tabarau zai iya jira. Muryar dattijo ba ta jira.

To, mu fara da babbar. Mene ne wannan tabarau?

Akwati ne ɗan madaidaici, da maɗauri a bayan kai. A cikinsa akwai allo, da gilashi biyu, ɗaya ga kowane ido. Kowane ido ana nuna masa hoton da ya ɗan bambanta da na ɗan'uwansa. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su, sai ka ga abu yana da zurfi, yana da nisa da kusa. Ka juya kai dama, hoton ya juya tare da kai. Ka ɗaga kai, ka ga sama. Ka sunkuya, ka ga ƙasa. Jikinka yana ɗakinka, idonka yana wani gari.

Abin ya daɗe ana nemansa. Tun 1968 wani masani a Amurka, Ivan Sutherland, ya haɗa irinsa. Sai da aka rataye shi a saman ɗaki. Shekaru suka shuɗe ana gwaji. A 2014 kamfanin Facebook ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Oculus a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Daga nan kasuwar ta buɗe. Bayan shekara biyu aka fara sayar wa jama'a Oculus Rift da HTC Vive.

Sai dai waɗannan na farko suna da matsala guda. Igiya. Doguwar igiya ce mai kauri, daga bayan kanka zuwa jikin kwamfuta. Idonka yana yawo a duniya, ƙafarka kuma tana ɗaure kamar akuya a turke. Ka juya sau biyu, igiyar ta naɗe ka. Ka matsa gaba, ta fizgo ka baya.

Wannan ya sa masu ƙera na'urar suka duƙufa neman yadda za a rabu da igiyar. Suka samo hanya biyu. Ku saurara da kyau, domin nan ne mai saye ke yawan yin asara.

Hanya ta farko, an cusa komai a cikin tabarau ɗin. Ƙwaƙwalwarsa, batirinsa, kyamarorinsa, duk suna ciki. Ba ya buƙatar kwamfuta. Irin wannan ne Quest, wanda ya fito a 2019, kuma zuriyarsa ce ta fi yaɗuwa a yau. Hanya ta biyu, kwamfuta mai ƙarfi ce ke yin aikin, sannan ta turo hoton ta iska, ta akwatin waifai, zuwa fuskarka. Hoton ya fi kyau, amma ɗawainiyar ta fi yawa.

Wanda ya zaɓi hanya ta biyu, ga abin da ya kamata ya sani. Kwamfutar a haɗa ta da akwatin waifai da igiya. Tabarau ɗin kaɗai ne zai bi iska. Akwatin ya zauna ɗaki ɗaya da mai tabarau, a ɗora shi sama, ba bango a tsakani. Katangar ƙasa mai kauri da bangon siminti duk suna raunana saƙon. Kada a bar wayoyin gida duka su hau kan akwatin a lokacin. Kuma hoton da ke tafiya tsakanin kwamfuta da tabarau a cikin ɗakin yake zagayawa, ba datarka yake ci ba.

Me ya sa ake wannan tsanani haka? Saboda jinkiri. Idan ka juya kai, hoton bai biyo ka nan take ba, jiki yana ganewa. Masana sun ce ana son jinkirin ya tsaya wajen kashi 20 cikin 1,000 na sakan ɗaya. In ya wuce haka sosai, ido ya ce abu kaza, ma'aunin da Allah Ya sa a cikin kunne ya ce ba haka ba. Sai jiri. Sai tashin zuciya. Wani har amai. Ba aljanu ba ne, ba kuma raunin jiki ba ne. Ido da kunne ne suka saɓa.

Yanzu mu kawo maganar gida. Yaya wannan na'ura za ta yi a ƙasar Daura?

Abu na farko, wuta. Batirinsa awa biyu zuwa uku yake yi. Duk mun san halin wutar lantarki a garuruwanmu. Don haka mai tabarau yana buƙatar fawa banki, ko sola. Abu na biyu, zafi. A bazara, kafin saukar damina, zafinmu yana haura digiri 40. Na'ura ce da ke ɗumama da kanta, ga ta kuma manne da fuska. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi mata. Abu na uku, rana. Wannan ku riƙe shi da kyau. Idan hasken rana ya shiga ta gilashin nan biyu, yana tattaruwa wuri guda ya ƙona allon ciki. Ɗan lokaci kaɗan ya isa. Kada a ajiye shi a tsakar gida. Kada a ajiye shi a bakin taga. Abu na huɗu, ƙurar hunturu. A rufe shi cikin jaka, a goge gilashin da ƙyalle mai laushi, ba da bakin riga ba.

Sannan fili. Mai tabarau ba ya ganin abin da ke gabansa. A share masa wuri kamar mita biyu tsawo, mita biyu faɗi. A kawar da kujera da murhu da buta. A ɗauke yara ƙanana daga wurin. In kuma jama'a ne ke karɓa-karɓa, a riƙa goge inda ke taɓa fuska, saboda ciwon ido yana saurin yaɗuwa.

Wani zai ce, duk wannan wahala don wasa? A'a, jama'a. Wasa yana ciki, amma amfanin ya wuce wasa. Bari in kawo uku da suka shafe mu kai tsaye.

Na ɗaya, koyon aiki. A garin nan akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disamban 2019. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya ratsa ta Daura. Yaron da zai tuƙa jirgin ƙasa, ko ya gyara injinsa, gara ya yi kuskurensa na farko a inda ba rai da zai salwanta. Matuƙan jirgin sama sun daɗe suna koyo da na'urar kwaikwayon tuƙi, har a kwalejinsu ta Zariya. Tabarau ɗin nan yana kawo irin wannan horo cikin aji, a kan kuɗin da bai kai na babbar na'ura ba.

Na biyu, bitar maniyyata. Dattijuwar da ba ta taɓa wuce Kano ba, za ta sauka cikin taron miliyoyin mutane. Da za ta ga Safa da Marwa tun tana gida, ta ga inda ake fara ɗawafi, ta ga hanyar Jamrat, da fargabarta ta ragu. A ƙarshen 2021 hukumar kula da Masallatan Harami biyu ta ƙaddamar da wani shiri na ganin Hajarul Aswad ta irin wannan tabarau. Malamai suka yi bayani a fili, ciki har da hukumar addini ta ƙasar Turkiyya, cewa wannan ba ya zama Hajji. Haka ne. Hajji sai da ƙafa, sai da jiki. Amma bita bita ce, kuma tana da amfani.

Na uku, nuna kanmu ga duniya. A 2019 wani ɗan Najeriya, Joel Kachi Benson, ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Venice, a ƙasar Italiya. Da me? Da wani ɗan gajeren fim na irin wannan tabarau a kan iyayen 'yan matan Chibok. Mutumin da bai taɓa taka Borno ba ya tsinci kansa a tsakar gidan wata uwa, yana ganin abin da take gani. To, ku yi tunanin Rijiyar Kusugu. Ku yi tunanin ɗan Daura da aka haifa a Akara ko Jidda ko Landan. Ya ɗaura tabarau, ya leƙa bakin rijiyar. Ya juya, ya ga guga da igiya. Ya fito, ya ga hawan Sallar Gani, dawaki na wucewa ta damansa da hagunsa, ƙura na tashi.

Abin sha'awa ne. Amma a nan ne sharhin namu zai juya. Ina roƙon ku ƙara kasa kunne.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kan Kusugu, ni ban yarda gani kaɗai ya isa ba. Cire labarin, me ya rage? Rami ne da ruwa. Rijiyoyi nawa ne a ƙasar Hausa? Abin da ya sa ake tasowa daga nesa don a sha ruwan wannan, labari ne. Labarin baƙon da ya iso da dare. Labarin tsohuwa Ayana da ta ce masa ba a ɗibar ruwa sai Juma'a. Labarin macijin da ya hana gari sha. Labarin Daurama, da yadda Galadima da Ƙaura suka je duba gawar macijin. Labarin da ake jingina asalin Hausa Bakwai gare shi. Wannan duka a baki yake. A murya yake. Kyamara za ta ɗauki rijiyar ko yau ko shekara goma masu zuwa, in Allah Ya kai mu. Mai ba da labarin fa?

Shi ya sa na ce tabarau zai iya jira, muryar dattijo ba ta jira.

Ku lissafa da ni. Sarkin Daura Abdurrahman ya rasu a 1966, bayan fiye da shekara hamsin a kan gado. Yaron da yake ɗan shekara goma a lokacin, yau ya kai saba'in ko ya doshe ta. Su ne na ƙarshe da suka ga wancan zamani da idonsu. Su suka ga hawan Sarki Muhammadu Bashar, suka ga shekarunsa har zuwa 2007, suka ga naɗin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar. Suna nan a zaurukanmu. Suna nan a ɗakunan kakanninmu mata. Kowace shekara muna raka wasu makwanci.

Wani masani, M. G. Smith, ya zo ƙasar nan, ya zauna da dattawa, ya yi ta tambaya yana rubutawa. A 1978 ya fitar da littafi guda a kan sha'anin sarautar Daura, da yadda gidan sarautar ya koma Zango da Baure bayan jihadi, da yadda ya dawo. Aiki ne mai daraja. Amma da Turanci yake. Kuma takarda ba ta riƙe murya. Ba ta riƙe yadda dattijo ke jan numfashi kafin ya ambaci sunan ubansa. Ba ta riƙe Dauranci, da irin lafazinsa da kalmominsa da ba a ji a Kano ko Sakkwato.

To, nan ƙaramar na'urarmu ta shigo. Mu koma kanta.

Kusan kowane gida yau akwai waya mai ɗaukar murya. Me ya sa to ake buƙatar ƙarin makirfo? Amsar guda ce: nisa. Sauti yana raunana da sauri. Ka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirfo sau biyu, ƙarfin sautin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wayar tana kan tabarma, bakin tsoho yana can sama. Tsakaninsu akwai kukan janareta, da ƙarar babur, da carar zakara, da yara suna wasa. Wayar duk za ta kwashe. In ka zo saurare, ka ji komai ban da maganar da ka je nema.

Makirfon ƙari yana magance wannan ta hanya mai sauƙi. Yana matsowa kusa da baki. Iri uku ne suka fi yawa. Akwai mai ɗan sanda, wanda ake manna shi a jikin hedifon da mayen ƙarfe, irin wanda ake kira ModMic. In ka gama, ka cire, hedifon ɗinka ya koma yadda yake. Akwai wanda ke zuwa a jikin igiya, ka zare igiyar hedifon ɗinka ka soka tasa. Akwai kuma ɗan ƙaramin nan marar igiya da ake maƙalawa a wuyan riga, wanda muke gani a ƙirjin malamai lokacin tafsirin azumi, da hannun matasa masu ɗaukar bidiyo. Biyun farko sun fi dacewa da mai koyarwa ta intanet, ko mai aiki daga gida, ko mai karanta labarai. Na ukun shi ne na zuwa gaban dattijo.

Ga yadda ake samun murya mai tsabta. Mai sanda, a ajiye shi a gefen baki, kamar faɗin yatsa biyu, ba a gaban leɓe ba, don kada iskar numfashi ta riƙa bugunsa. Na wuyan riga, a maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, kada rawani ko mayafi ya riƙa gogarsa. Sosonsa kada a yar. Shi ke tare iska, musamman a hunturu. A zaɓi ɗaki mai tabarma da labule da katifa, domin ɗakin da ba komai yana amsa kuwwa. A kashe fanka na ɗan lokaci. A ɗauki minti ɗaya na gwaji, a saurara da hedifon, sannan a fara. Wanda ya tsallake gwajin nan, wata rana zai dawo gida da awa guda ta shiru.

Kuɗinsa fa? Mai sauƙin cikinsu bai kai kuɗin ƙaramar waya ba. Ku kwatanta da tabarau ɗin da kamfanin Apple ya fitar a 2024, wanda ya kusa dala 3,500. Da kuɗin guda ɗaya irinsa, sai a raba makirfo ga makarantu da yawa a masarautar nan. Wannan lissafi ne da ya kamata shugabannin makarantu da na ƙananan hukumomi su yi kafin su sa hannu a takardar saye.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce a guji tabarau ba. Jami'a ta saya. Kwaleji ta saya. Matashin da ke da hali ya saya, ya koyi yadda ake gina abin da ake gani a ciki. Wannan ma shi ne babban buri. Domin in ba mu zuba namu a ciki ba, 'ya'yanmu za su ɗaura shi su yi ta yawo a garuruwan wasu, suna jin harshen wasu. Amma ranar da ɗan Daura zai gina Kusugu a cikin tabarau, muryar wa zai sa? Ranar da zai gina fada, wa zai yi masa bayanin kakaki da tambari da algaita, da lokacin da ake busa kowanne? In an ɗauki muryoyin yau, zai same su. In ba a ɗauka ba, sai ya ƙirƙira, ko ya ara. Don haka aikin makirfo shi ne harsashin aikin tabarau.

Saura magana ɗaya kafin mu rufe, ita ce ladabi. Na'ura ba ta soke tarbiyya. Kada a ɗauki muryar kowa a ɓoye. A yi sallama, a durƙusa, a gaisa, a faɗi abin da ya kawo mutum. A ce, "Baba, ina son in adana maganarka don jikoki, ka yarda?" A ce, "Inna, in kin ce in kashe, zan kashe." Abin da aka ce sirrin gida ne, ya zauna sirrin gida. Ba kowace magana ake ɗorawa a Facebook ko TikTok ba. A farkon kowane ɗauka, a faɗi sunan mai magana, da garinsa, da ranar. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa. Wanda ya tara abu mai yawa, da yardar masu shi, ya nemi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, ko Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke nan Daura, wadda ke ɗauke da sunan masanin da ya ba tarihin ƙasar nan rayuwarsa.

Iyaye kuma, ga taku. Kamfanin da ke ƙera Quest da kansa bai yarda yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ya yi amfani da shi ba. Wanda ya kai ma, sai da kulawar iyaye. In tabarau ya shigo gidanku, ku ɗaura shi ku ma, ku ga abin da yaro ke gani. Ku sa masa lokaci. Sallah da karatu da aike suna gaba.

Jama'a masu sauraro, ga roƙona gare ku. Ɗalibai, a hutun nan kowa ya zaɓi dattijo guda a danginsa. Malaman makaranta, ku mai da wannan aikin gida, ku ba shi maki. 'Yan mata, ku ne za ku shiga inda maza ba sa shiga, ku tambayi kakanni yadda ake aure da suna da saƙa da kaɗi a da. Masu shagunan waya na kasuwar Daura da ta Mai'adua, ku kawo makirfo mai nagarta, ku nuna wa mai saye yadda ake maƙala shi. Masu hali, ku sayi goma ku ba makarantar unguwarku. Dattawanmu kuma, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, in yaro ya zo da 'yar na'urarsa ya durƙusa, ku yi haƙuri ku ba shi lokaci. Abin da kuka sani amana ce, kuma masu karɓarta sun iso.

Kada a ce sai an samu kuɗi. Kada a ce sai bayan girbi. A fara a makon nan, da abin da ke hannu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya jiƙan magabatanmu. Allah Ya albarkaci zuriyarmu da ilimi mai amfani.